Ranar da Muka Ja Inna a Bayan Mota

Inna ba ta taɓa cin abinci a gaban maigidana ba. Shekararmu goma sha ɗaya da aure a lokacin, amma in ya shigo falo tana riƙe da kofin shayi, sai ta dire shi a ƙasa ta ja mayafi. Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta faɗa. "Ke" ce, ko "uwar wannan" idan 'yata tana kusa. Shi ma in zai gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a ƙasa. Haka na taso na gani a gidanmu, ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, sai ranar da kunyar nan ta kusa kashe mini uwa a hanyar Sukhna, wani garin bakin teku, kuma da hannuna a ciki.

Aikin baya ne ya kawo ta Alƙahira. Maigida karatu ya zo yi tun yana saurayi, ya gama ya zauna, yana saro abayoyi da hijabai a kasuwar Ataba yana turawa gida. Da ciwon Inna ya kai ba ta iya ruku'u, shi ya dage a kawo ta. Aka yi aikin, aka sa mata ƙarafa, aka sallamo ta gidanmu da ke unguwar Hayyus-Sabi', hawa na huɗu. Tagar ɗakinta ba abin da take nunawa sai bangon maƙwabta da shanyar ɗalibai. Sati bakwai tana kallon jallabiyoyin mutane suna bushewa.

Wata matar ɗalibi da ta zo dubiya ce ta ambaci teku, ta ce ai awa biyu ne daga nan. Inna ta tambaya wane teku. Aka ce mata Bahar Maliya. Carbinta ya tsaya. Da baƙuwar ta tafi sai ta ce da ni, wai shi ne wanda Allah ya tsaga wa Annabi Musa? Na ce shi ne. Ba ta ce a kai ta ba, Inna ba ta roƙo. Sai dai a cikin kwana biyu sau uku tana tambayata ko awa nawa yarinyar nan ta ce. Na gane.

Likita ya yarda, da sharaɗi. Kada ta zauna a miƙe a mota, a kwantar mata da kujera. In an isa kuma ta samu wurin da za ta kwanta sosai, da banɗakin da ba na tsuguno ba. A nan ne wani dattijo Bamisire, abokin cinikin maigida a Ataba, ya ce yana da karafan, irin ɗakin nan mai tayoyi da ake ja da mota, da gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki. Ya ce mu ɗauka, uwar abokinsa uwarsa ce. Mu kuma muna da tsohuwar jif da ake ɗaukar diloli da ita. Abu ɗaya ya rage: jif ɗin ba ta da ƙugiyar da ake maƙala abin ja.

Sati guda maigida ya yi a kan ƙugiyar nan. Da farko wurin mai walda ya je, kamar yadda da a gida ne zai yi, mutumin ya ce cikin awa ɗaya zai liƙa masa ƙarfe a jikin bamba, khalas, shi ke nan. Da dattijon ya ji sai ya kama kai, ya ce bamba ado ce, nauyi na fizgarta za ta yage kamar aljihun riga. Ƙugiya a jikin shasi, ƙashin motar, ake ɗaure ta da noti. Ya tura shi wani shago. Mai shagon ya kwanta ƙarƙashin motar, ya duba takardunta ya ga iya nauyin da za ta ja, ya sa aka kira dattijon a waya aka tambayi nauyin karafan. Ƙugiyar tana da wani dunƙulallen kai kamar kan taɓarya, shi bakin karafan yake hawa ya kulle. Maigida ya nuna mini hoton guda biyu a wayarsa, ya ce ɗaya ya fi ɗaya da abin da bai kai kaurin farce ba, kuma in aka sa ƙaramin, bakin zai iya suɓucewa a kan hanya. Ni a idona duk ɗaya ne. Na ce masa ko zaɓen mata bai yi wannan dogon nazarin ba. Ya ce ai shi ya sa. Muka yi dariya.

Ga sarƙoƙi biyu da ake gittawa a ƙasa, ga wayar fitilun birki. Kowanne sai da na sha bayaninsa. Ranar da aka ɗaura, muna cin abincin rana, ya ɗauki muciya ya ɗora a kan yatsa, ya ce tayoyin karafan ke nan. Kaya masu nauyi a gaban tayoyi ake sa su, don hancin ya danne ƙugiya. In nauyi ya koma baya, hancin zai yi sama, abin ya riƙa kaɗa wutsiya. Ina cire wa 'yata ƙayar kifi, na ce tamam, daidai ne. Amma na ji. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, na ji, kuma na fahimta. Na kuma ji lokacin da dattijon ya kawo karafan ya ce kada kowa ya zauna a ciki ana tafiya. Na leƙa na ga labule masu furanni da matarsa ta ɗinka, da matasai fes, na ce a raina kayansa yake ji.

Ran Asabar da hantsi maigida ya shirya kaya da kansa. Jarkokin ruwa huɗu, tukunyar gas, kular shinkafa, da babbar tukunyar miyar da na yi tun jiya. Duk ya jera su a gaba, a gindin gado, ya ɗaure da igiya irin ɗaurin dila. Ya kwantar da kujerar gaban jif har ƙarshe, ya shimfiɗa bargo, ya jera filo uku. Na sauko da Inna a hankali, tana dogara sanda. Ta zo bakin motar, ta dubi kujerar, ta dubi ta direba da ke manne da ita, ta tsaya.

"A nan zan miƙe ƙafa?" ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Kusa da shi?"

Na ce umarnin likita ne. Na ce ai ɗanta ne. Na ce zan lulluɓe ta. Ta ce in mayar da ita sama, tekun ba farilla ba ne. Kujerar baya kuwa ta yi mata gajarta, sai ta lanƙwashe, abin da aka hana. Muna tsaye a rana, matar maigadin gidan tana kallonmu. Sai Inna ta ɗaga sanda ta nuna karafan, ta ce wancan ɗakin fa, ba gado ne a ciki ba?

Ni na kai wa maigida maganar. Ya ce an hana. Na ce awa biyu ne kawai, kuma sati bakwai ke nan ba ta ga sararin Allah ba. Ya sake cewa an hana. Sai na faɗi abin da har yau in na tuna nake istigfari.

"To je ka gaya mata da bakinka."

Na san ba zai iya ba. Da saninsa na faɗa. Ya daɗe yana juya makulli a hannu, sannan ya ce zai tafi a hankali. Ya tafi sayo burodi.

Na shiga don in gyara mata wuri. Jarkokin sun tare hanyar gado, tukunyar gas kuma daidai inda kanta zai kasance. Zuciyata ba ta kwanta da gas a kan uwata ba. Na kira matar maigadi, muka kwance igiyar, muka ja komai zuwa can ƙarshe, wajen ƙofar banɗaki. Ɗaurin nasa ya gagare ni mayarwa, sai na tokare su da naɗaɗɗiyar darduma. Na tuna da muciyar, ta gifta a raina, na ce ai ruwa ne kawai. Kafin ya dawo Inna ta kwanta. Shi kuwa ba zai leƙa ɗakin da surukarsa take kwance ba. Daga waje ya zagaya, ya girgiza ƙugiya, ya taɓa sarƙoƙi, ya sa na taka birki ya ga fitilu sun kama.

'Yata, tana da shekara bakwai a lokacin, ta maƙale a ƙofar karafan ta ce ita da tsohuwa za ta tafi. Daga ciki Inna ta ce a bar ragguwar ta zo ta matsa mata ƙafa, ko ta yi amfani sau ɗaya a rayuwa. Yarinyar ta ce ita ba 'yar aikin masu ƙarfe a baya ba ce, gadon take so. Ina dariya sai na ji uban ya ce, "A'a. Shiga mota." Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Na so ni in zauna da Inna, ta kore ni, ta ce in je in riƙa yi wa mijina hira. Na bar mata waya a gefen filo, na rufe ƙofa.

Mun fita gari lafiya, sai dai ƙarar hon da muka sha saboda rashin gudu. Gine-gine suka ƙare, yashi ya buɗe hagu da dama. Na kira Inna, ta ce daɗi, kamar an goya ta. Ta ce kada in kashe, in bar wayar ta riƙa jin muryarmu. Na ajiye ta a cinyata, ina jin salatinta a hankali.

Mun yi fiye da rabin hanya, titin ya faɗaɗa ya ɗan gangara, motar ta ƙara sauri da kanta. Wata tirela ta zo ta wuce mu ta hagu. Iskarta ta buge mu, na ji kamar an ja bayan jif gefe. Sai aka ja ta ɗaya gefen. Sai aka dawo da ita, da ƙarfi fiye da na farko. Na dubi maigida, hannayensa biyu a kan sitiyari, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Na kai hannu, ya ce kada in taɓa shi. Ya ɗage ƙafa daga totur, bai taka birki ba. Ni a raina birkin nake so ya taka.

A madubin gefena na ga abin da bai kamata in gani ba: gefen karafan gaba ɗayansa, da tagar, da labulen nan mai furanni yana lilo. Ya ɓace, ya bayyana a madubin maigida, ya sake dawowa nawa. A dawowa ta uku tayarsa ta bar ƙasa. Na ga haske a ƙarƙashinta. Daga wayar da ke cinyata ina jin jarkoki suna gangarawa suna dukan bango, na ji tukunya ta kife, na ji wani abu mai nauyi ya faɗi wanda ba jarka ba ne. Salatin ya yanke. Ba ihu, ba komai. Na fara kalmar shahada, na kasa wuce farkonta, ina ta maimaita shi. 'Yata a baya ta ƙanƙame kujerata.

Ban san tsawon lokacin ba. Tayar ta koma ƙasa da wani irin bugu, kaɗawar ta riƙa raguwa, maigida ya sulale da mu gefen titi cikin yashi, muka tsaya. Injin yana aiki, motoci suna wucewa kamar ba abin da ya faru. Na ce, "Inna," a cikin wayar. Ba amsa.

Shi ya riga ni fita. Na bi shi har na kai baya. Ruwa yana tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofar karafan yana shiga yashi. Ina kallo ruwan ya rikiɗe ya zama ja. Na durƙushe a wurin. Sai daga baya ƙamshin daddawa ya bugi hancina, na gane man miya ne, amma wannan ɗan tsakanin, kafin in gane, na riga na zama marainiya, na riga na fara tunanin da wane baki zan gaya wa ƙannena.

Kular shinkafa ta tokare ƙofar daga ciki. Maigida ya sa kafaɗa sau uku kafin ta buɗe. Inna tana ƙasa, tsakanin gado da kabad, jarka ɗaya a kan ƙafafunta, jikinta sharkaf da ruwa da miya. Idonta a buɗe. Hannunta na hagu ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta a waje. Da hannun dama kuwa lalube take yi a ƙasa, a hankali, tana neman mayafi, saboda surukinta yana tsaye a ƙofa.

Bai juya baya ba. Ya shiga, ya ɗauke jarkar, ya durƙusa cikin miyar.

"Inna, ki gafarce ni, yau zan taɓa ki. Kada ki motsa. Motsa mini yatsun ƙafa kawai."

Muka zuba wa ƙafafun ido. Da lallensu, ni na sa mata shekaranjiya saboda tafiyar. Babban yatsan dama ya motsa. Na hagu ya daɗe, sannan shi ma ya motsa. Maigida ya sa tafukansa biyu ya riƙe kanta, ya ce da ni in kira motar asibiti, in gaya musu an yi mata aikin baya, kada kowa ya ɗaga ta. Larabcin da na shekara goma ina ciniki da shi a kasuwa ya gudu ya bar ni. Wani direba da ya tsaya ne ya karɓi wayar ya yi musu kwatance, yana ta ce mini ma'alish, ma'alish, wato in yi haƙuri.

Kusan rabin awa yana riƙe da kanta. Fuskarsa a saitin tata, ba inda za ta kai ido sai kansa. Na rufe mata gashi da gefen hijabina. 'Yata tana tsaye a ƙofa, ta ce, "Tsohuwa, kin mutu?" Inna ta ce ba ta mutu ba, sai ta ga ranar da ragguwa za ta iya dafa ruwan zafi. Sannan ta dubi mutumin da shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yi wa magana kai tsaye ba.

"Malam, wandonka zai ɓaci."

Kuka ya ƙwace masa, amma hannayensa ba su motsa ba.

A asibiti aka ɗauki hoto. Muna zaune a baranda, miya ta bushe a jikinmu. Likitan ya fito ya ce ƙarafan suna nan inda ya sa su. Tsintsiyar hannu ce ta karye, sai ƙujewa. Na yi sujada a wurin, a kan tayil ɗin asibiti. Da ya tambayi wanda ya sa mai aikin baya a cikin abin da ake ja, ni da maigida muka ce "ni" a tare. Ya yi mana faɗan da ban taɓa sha ba tun ina makaranta, kuma ko kalma ɗaya ban ga ta wuce gona da iri ba.

Dattijon ne ya je da kansa ya ɗauko karafan. Washegari ya zo dubiya da ledar lemo, bai ambaci labulensa ba. Ya ce ya duba ƙugiyar, ko gezau ba ta yi ba. Da ta walda ce a jikin bamba, da ɗakin ya rabu da mota ya yi nasa wuri. Sannan ya ce abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai, wa ya tara ruwa da gas a wutsiya? Maigida ya ce kuskure ne, ya zuba masa shayi.

Da baƙon ya tafi na same shi a kicin na gaya masa komai, har da muciyar da na tuna na share. Na shirya wa faɗa, na ma fi son a yi mini. Ya ce tun da ya buɗe ƙofa ya ga igiyarsa a kwance ya sani.

"Ni kuma na hana 'yata shiga, na bar uwarki," ya ce. "Na san dalilin da ya sa na hana yarinyar. Kunya ce ta fi mini sauƙi."

Sati shida ina ba Inna abinci a baki idan hannun dama ya gaji, ina yi mata alwala ina shafa a kan filasta. Kullum in na kai ga hannun sai hawaye ya zo mini, ita kuma ta ce in daina jiƙa mata abin da likita ya ce kada ruwa ya taɓa. Na roƙi gafararta, ta ce ita ta nuna ɗakin da sanda. Har yau in babbar mota ta wuce mu a titi, sai na waiga baya ko da ba abin da muke ja.

Saura kwana biyar ta koma gida, maigida ya tsaya a bakin ƙofarta, ya ɗago kai ya ce gobe za a je teku, da jif kaɗai, kuma a kujerar gaba za ta kwanta. Bai ce in ta yarda ba. Da safe ta sauko, ta dubi kujerar, ta dubi filon, ta yi bismillah ta kwanta, ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf. Haka ta yi awa biyu. Da muka zo daidai wurin nan sai 'yata ta miƙo hannu ta riƙe nawa.

A bakin ruwan muka riƙe ta ni da shi, ɗaya a kowane gefe, har igiyar ruwa ta taɓa lallenta. Ta daɗe tana kallo. Ta sa na ɗebo mata a tafin hannu, ta ɗanɗana, ta ce lallai gishiri ne. Ta tambaya ina ɗaya gaɓar, aka nuna mata wani dishi-dishi can nesa. Ta ce da tafiya, ashe mutanen Annabi Musa sun sha tafiya. Ta yi addu'a mai tsawo, muka shafa.

A hanyar dawowa, wajen la'asar, barci ya ɗauke ta. Mayafin ya zame daga fuskarta, bakinta a ɗan buɗe, tana minshari a gefen surukinta. Na miƙa hannu daga baya zan gyara mata. Maigida ya dube ni ta madubi, ya girgiza kai kaɗan. Na mayar da hannuna cinya, muka bar ta ta yi barcinta har Hayyus-Sabi'.